Farin Kambas da Karan Gero

Wurno, ranar Talata bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Basharu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa ka sauka Sakkwato lafiya, ka iske baffanka da iyalinsa cikin alheri. Allah ya tsare ka a hanya da bayan hanya, ya tsare maka ƙafafunka, don a kansu na zauna yin wannan rubutu.

Za ka tsinci takardar nan a cikin sabon takalminka na ƙafar hagu. Da gangan na zaɓi wurin. In jibi ka karanta ta, na gode wa Allah. In kuwa sai bayan mako shida ka gan ta, da safiyar ranar gwajin gudu na ɗaukar aiki, to abin da nake tsoro ya riga ya faru, sai ka ninke ta ka yi fifita.

Tun azahar nake son in fara. Na zauna na tashi sau uku, na zagaya garka, na dawo na gyara kujerar da ba ta karkace ba. Innarka ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, mi ka cizon ka?" Na ce mata babu. Ƙarya ce, kuma ba ita ce ta farko ba, kamar yadda za ka ji.

Shekaranjiya na shiga ɗakinka neman cajar waya, na ga kwali a ƙarƙashin gado. Na buɗe, don uba ba ya neman izini kafin ya yi abin kunya. Sabon kambas ne mai ruwan lemo, takardar da ake cusawa a bakinsa tana nan, ƙasansa bai taɓa gaisawa da ƙura ba. Alhali kullum da asuba ina ganinka kana gudu a hanyar Rabah da tsohon takalmin makaranta. Da na tambaye ka, ka ce, "Baba, na aje shi ne sai ranar." Ka ƙara da cewa, "Ai ko na zo na ɗaya, sai wanda yas san wani za a ɗauka. Kai ma hakanan anka yi maka."

Maganganun nan biyu duk nawa ne. Ta farko na yi ta da ƙafata, ta biyu na yi ta da bakina, kuma ban so ka gaji ko ɗaya ba.

Labarin da ka taso kana ji shi ne, ubanka ya je gwajin shiga aikin damara yana saurayi, ya yi gudu ya bar kowa a baya, aka ɗauki gurbinsa aka ba ɗan wani babba, shi ya sa ya ƙare da alli a hannu yana koya wa yaran Rabah da Goronyo labarin ƙasa. Na faɗe shi a zaure, na faɗe shi a ɗakin malamai, na yi ta faɗa har na fara tuna fuskar ɗan babban nan, wanda ba a taɓa haifa ba. Ga yadda abin ya kasance.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, bai yarda mutum ya bar gona ya tafi birni saboda takalmi kawai ba. A lokacin, har yau ma a gidaje da yawa, ba ƙafa ke zuwa kasuwa ba, awonta ke zuwa. Wata safiya bayan asuba ya sa na taka ƙasa, ya ɗauko karan gero ya aza daga diddige zuwa kan babban yatsa, ya yanke da wuƙa cif, ba ragi ba ƙari. Ya miƙa wa Alu direba, mai motar da ke kai albasa Sakkwato, ya ce a samo wa yaro takalmin gudu mai kyau. Karan ya yi tafiya a aljihun Alu tare da goro da makulli. Ko ya gutsure a hanya, Allah ne masani. Alu ya rantse bai gutsure ba, amma Alu yakan rantse cewa motarsa tana da birki.

Takalmin ya iso fari ƙal. Na gwada shi sau ɗaya tak, a kan tabarma, don kada ya taɓa ƙasa. Na ce, "Baba, kamar yana matse min yatsa." Ya ce, "Sabo na, ai shina buɗewa." Kuma gaskiya ya faɗa game da takalman da ya sani, na fata, aikin baduku, waɗanda ake shafa wa mai su saki jiki. Kambas bai san wannan ladabin ba. Kakarka ta naɗe shi a zane ta sa a ƙasan akwati, inda ake ajiye kayan Sallah, don a gidanmu sabon abu ba ya fita sai ranar da aka saye shi dominta. Maƙwabta suna zuwa a buɗe musu su gani. Ni kuwa mako uku ina atisaye ba takalmi a kan rairayi, ƙafata tana ƙara faɗi kamar faifai.

Ranar gwaji an jera mu a kan kwalta, hantsi ya riga ya ɗaga. Da aka busa usur na fita kamar an harba ni, ina jin idanun mutane a kan fararen ƙafafuna. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne, ƙafa tana kumbura in ta sha gudu da zafi, kuma awon da aka yi mata da sanyin asuba ba nata ba ne da rana. Ba mu yi nisa ba diddigena ya yi bororo, bororon ya fashe. Farcen babban yatsa ya shiga dukan bakin takalmi a kowane taku. Wani ɗan gajere, daga baya na ji mutumin Tursa ne, ya zo wucewa da tsohon kambas mai faci, igiyar dama daban, ta hagu daban. Ko haki ba ya yi. Ya ce, "Mai farin takalmi, a ba mu hanya mu wuce." Na ba shi. Na ba na bayansa ma. Kafin a kai inda ake juyowa na zauna a kan kwalbati na cire takalmin, safa ta jiƙe da jini. Ka san abin da na fara yi? Na kama bakin rigata na shiga goge cikin takalmin kada jinin ya ɓata shi. Ƙafa tana zuba, ni ina lallashin kambas.

Da na dawo gida kakanka yana tsaye a ƙofar zaure. Ya ce, "Mi ya hwaru?" Na kasa ce masa karan da ya yanka da hannunsa ne. Na kasa cewa akwatin kakarka ne. Na fi kasa cewa wautata ce, ni da na ji matsi ban nace ba don takalmin ya yi mini kyau. Sai na ce, "Baba, 'ya'yan manya anka ɗauka." Ya ce Allah ya isa, ya shige ciki. Har ya koma ga Allah yana jin haushin mutanen da ba su yi masa kome ba.

Ba na ce maka babu son kai a duniya ba. Akwai shi, na gan shi da idona a wurare da dama. Amma ni ban ma isa inda ake yi wa mutum ƙwace ba. A kan kwalbati na tsaya. In za a zalunce ka, Basharu, a zalunce ka a ƙarshen layi kana tsaye da ƙafafunka, kada ka ɗauke wa azzalumi wahalar aikinsa.

Saboda haka gobe-goben nan ka sa takalmin. Rana ta farko tafiya kawai, ka zagaya unguwa. Ta biyu sassarfa kaɗan. Ka riƙa ƙarawa sannu a hankali, a kan kwalta, don a kanta za a gwada ku, kuma wani lokaci da hantsi, ba kullum da sanyin asuba ba. In ka tsaya a cikinsa, ka danna gaba: a sami faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi. Na san a waya ka zaɓe shi, ka aika lamba, aka aiko maka da shi a mota. Wannan karan gero ne da ya yi karatun boko. Lambar wani kamfani ba ta wani ba ce, wani yana yanka gaban takalminsa siriri, wani da faɗi, ƙafarmu kuwa ta tashi a silifas da rairayi, ba ta saba da a tattara mata 'ya'ya wuri ɗaya ba. In ya matse ka, kada ka jira ya buɗe. Ka ce wa baffanka ya raka ka kasuwa da ƙafarka, da yamma lokacin da ta gama kumburinta na yini, da safar da za ka yi gudu da ita. Ka sa duka biyun, don ƙafa ɗaya takan ɗara 'yar'uwarta. Ka yi ɗan gudu a gaban shagon ko da za a yi maka dariya. Dariyar 'yan kasuwa ba ta cire farce.

Na tashi na sha ruwa na dawo. Da na so in tsaya nan, amma kuskurena bai ƙare a kan kwalbati ba, hutu kawai ya tafi.

Ka tuna lokacin da likita ya ce jinina ya hau, ya ce ko in riƙa motsa jiki ko in fara sallama da mutane. Ina koyarwa a Goronyo a lokacin. Ka san halina, ko allura ba na saye sai na karanta tarihinta. Na duƙufa a kan waya ina karanta abin da masana gudu na ƙasashen da rana ke jin kunya suka rubuta. Na san kaurin soso, na san tazarar tudun diddige da na gaba, na san akwai takalmin da ake sa wa faranti a ciki don ya riƙa cilla mutum. Na zama malamin takalmi ban taka ko'ina ba. Abin da ban lura ba shi ne, a cikin masanan nan babu wanda ya taɓa haɗuwa da tsidau, babu wanda ƙarangiya ta taɓa kama wa igiya, babu wanda ya san yadda lakar fadama ke bushewa da sawun shanu a jikinta.

Na farko da na saya mai ƙasa kamar katifa ne, dogo, laushi kamar ana taka burodi. A kan kwalta daɗi har kunne. Ranar da na ratse ta hanyar gonakin rani wajen madatsar ruwa, na taka gefen busasshen sawun saniya, katifar ta kife da ni, idon sawuna ya gurɗe. Ina zaune ina murza shi wani dattijon Bafillace ya iso da shanunsa, da takalmin roba a ƙafa. Ya yi mini sannu yadda ya kamata, ya tsaya ya ƙare wa takalmin kallo, ya ce, "Malam, wanga na hawa na, ko na tahiya?" Sai yau na gano amsar: na kwalta ne, ni na kai shi inda ba a gayyace shi ba. Kada kuma ka ce za ka kwaikwayi dattijon ka yi gudu da roba. Ƙafarsa ta fi ni shekarun karatu.

Da na warke na koma ɗaya gefen, na sayi marar nauyi, siriri, irin na masu tsere, wanda in ka ɗaga shi sai ka ji kamar babu kome a hannunka. Babu komen kuwa. Ƙaya ta shiga ta ƙasa kamar gidansu, ƙwaurina ya riƙa ciwo, kafin damina ta fita gefensa ya yage. Ba laifinsa ba ne. An yi shi don wanda zai yi tsere na yini ɗaya ya ajiye, ni kuwa na mayar da shi na kullum.

Na uku gwanjo ne, na tsinto a birni, sunan babban kamfani a jikinsa, samansa kamar jiya aka ɗinka. Mako biyu gwiwoyina suka fara magana. Ranar kasuwar Goronyo na kai wa Mamman mai gwanjo, wanda rumfarsa ke bayan masu albasa, don ya gaya mini ko jabu ne. Ya juya shi, ya danna, ya aza a kan benci.

Ya ce, "Ba jabu ba na, Malam. Na gaske na. Amma gawa ta, anka yi mata wanka."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Ku masu karatu sama kuka dubi. Duba nan." Takalmin a kan benci ya karkata waje kamar bangon da ruwa ya ci. "Mai shi ya gama gudunai da shi tun can ƙasarsu. Sosan ya mutu. Kai dai ka sayi jana'iza."

A tsaye a rumfar nan ya koya mini abin da waya ba ta koya mini ba, kuma bai kammala aji shida ba. Ka aza takalmi a wuri mai daidai ka dube shi ta baya, in ya karkata ka bar shi. Ka danna sosan da yatsa, mai rai yana dawowa, matacce yana tsayawa da tamoji a gefe kamar goshin tsoho. Ka lanƙwasa shi, ya lanƙwasu a wajen 'yan yatsu, ba a tsakiya ba. Ka matse ƙeyarsa, in ta yi lagwas ba za ta riƙe maka diddige ba. Ka zaro shimfiɗar ciki ka taka ta a ƙasa, in ƙafarka ta zubo ta gefe, to ba naka ba ne ko da sunan wa aka rubuta a kai.

Tun da aka zo kan suna, na san ku samari kuna gardama a kai kamar ƙwallo. Ni na sa mai alamar lauje, na sa mai layi uku, na sa mai damisar da ke tsalle, na sa wani mai harafi ɗaya tak. Abin da na gano shi ne kowane kamfani yana da dokinsa yana da jakinsa. Dokin shi ake ɗauka hoto, shi ake ratayawa a gaban shago. Jakin yana can layin ƙasa, launinsa ba ya kiran kowa. Tambayar da za ka yi ba wane kamfani ba ce. Ka ce a nuna maka wanda aka yi don gudun kullum. Kuma ka sani da yawa daga cikin tambarin da ke rataye a kasuwanninmu, su da kamfanin ko a mafarki ba su taɓa haɗuwa ba. Ka duba ɗinki, ka duba ko gam ya malalo, ka shinshina. Jabu yana warin sabon bokiti.

Ranar nan Mamman ya zaro mini wani ruwan toka daga ƙasan buhu, mummuna, innarka ta ce ya yi kama da ƙadangaren da mota ta bi ta kai. Ƙasansa roba ce mai kauri da tsagi-tsagi tun daga diddige har gaba, sosan ba tauri ba laushi, gabansa da fili, samansa yana shan iska. Babu abin da ya fi kowa a kai. Yana bin kwalta, yana bin burji, yana bin hanyar gona. Alamar na kirki ke nan: in kana gudu ka manta da shi. Duk takalmin da kake tunawa da shi a hanya, wani abu yake yi maka.

Shi ma na kashe shi, ta hanyar da mu kaɗai muka iya. Mu mutane ne masu tuɓe takalmi: a masallaci sau biyar, a ƙofar ɗaki, a gaban babba. Wa zai tsaya kwance igiya ana tayar da iƙama? Sai na riƙa take ƙeyarsa ina jan sa kamar silifas. Ga alwala, in fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa in zura. Da ya fara wari na wanke shi na ɗora a kan kwanon ɗaki cikin ranar bazara, gam ya saki, bakinsa ya buɗe yana mini dariya. Shumeka ya ɗinke bakin, amma ya ce ƙeya in ta karye ba ta da magani. Ya zama dole na koma wurin Mamman neman ƙaninsa. Don haka ka sayi silifas na masallaci da yawon gari. Takalmin gudu na gudu ne. Ka kwance igiya in za ka cire, ka tsane ƙafa kafin ka sa, ka shanya shi a inuwa da shimfiɗar a waje. Safa biyu ko uku, kana wankewa. Ka yanke farce kwana biyu kafin gwaji, ba ranar ba. Kuma ranar gwajin kada wani sabon abu ya taɓa jikinka, ko safa, ko wando, ko abincin da cikinka bai sani ba. Ba Sallah za ka ba.

Ɗazu da na tashi karo na huɗu, madafa na shiga. Na tsaya a bayan innarka na gaya mata gaskiyar labarin kwalbati, abin da na ɓoye mata tun kafin a haifi yayarka. Na shirya wa kuka, ko faɗa. Ko juyowa ba ta yi ba, tana tankaɗe.

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Farcenka. Kullum ina ganinai in kana alwala, baƙi, a murɗe. Kuma satin da anka kawo ni na ga farin takalmi ƙasan akwatin Inna mahaifiyarka, da jini ciki. Wanda anka ƙwace ma aiki ba ya ɓoye takalmi."

Na ce, "Shi ne ba ki taɓa magana ba?"

Ta ce, "Kai ka jin daɗin labarin. Amma da na ji yaro ya hwara maimaita shi, na ba ka zuwa yau. Da ba ka rubuta ba, ni za ni hwaɗa mishi a tasha."

Ka ga irin matar da nake zaune da ita ina ɗaukar kaina mai wayo.

Za ka lura kwalin bai biyo ka ba. Ni na cire shi daga jakarka. Innarka ta riga ta zuba irin albasa a ciki, ta ce bai taɓa yin aiki mai amfani kamar yau ba. Yanzu takalminka ba shi da gida sai ƙafarka.

Ban sani ba ko za a ɗauke ka, wannan na Allah ne. In ka ci, alhamdu lillahi. In ka faɗi, ka dawo ka gaya mini ainihin inda ka faɗi, ko numfashi ne, ko ƙafa, ko tsoro, ko kuwa da gaske an yi maka ƙwace. Zan tsaya a ƙofar zaure in tambaye ka mi ya faru, kuma zan iya ɗaukar amsar, kada ka tausaya mini yadda na tausaya wa nawa uban. Abu ɗaya zan duba kafin ka buɗe baki: ƙasan takalmin. Ina so in gan shi ya sha ƙura, ruwan lemon nan ya dushe har ba a gane shi.

Ka gaida baffanka da mutanen gidansa, ka yi musu biyayya, kada ka bar salla saboda gajiya. Innarka tana sa maka albarka, 'yan'uwanka suna gaishe ka. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na mutane, ya ƙarfafa maka gwiwa da numfashi, ya kai ka ƙarshen layi da farcenka goma, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Yanzu ninke takardar, ka zura ƙafar.

Mahaifinka.